Jan ƙyallen da Kawu ya ɗaura wa inji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya tafi, kuma a tsakiyar kaka ya tafi, lokacin da a da ko zazzaɓi ba ya yarda ya kwantar da shi. Wan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Shi ya riƙe mu, ni da ƙanena, tun rasuwar mahaifinmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Funtua da Bakori. Manomi ne, kuma mai injin casar masara da waken suya, irin wanda ake ɗorawa a amalanke a bi gonakin mutane da shi.

Jama'a kam an taru, ba a magana. Maza sun cika rumfar ƙofar gida har bakin masallaci, mata kuma tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Daga Malumfashi aka zo, daga Musawa aka zo. Kowacce ta durƙusa gaban Hajiya, matar Kawu, ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan Alhaji. Sai dai ni kunnena ba ya barci. Wata tsohuwa da ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya yafe masa abin da muka sani, da wanda ba mu sani ba," sai ta ja wannan na ƙarshen kamar tana jan igiyar guga, mata kuma suka haɗa ido. Wata ta matso kusa da ni, ita ga mai tausayi, ta ce, "Malama, injin fa? Wanda zai gaje shi ya san sharuɗɗansa kuwa?" Ran sadakar uku da idona na ga wata ta karɓi gumba da hannu biyu, ta yi godiya, sannan ta tura ta ƙarƙashin tabarma da ƙafa.

Wallahi ba don gawar da ba ta huce ba, da na ci mutuncin wasu a gidan nan. Na haɗiye, amma abin bai bar ni ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

Bari in faɗi abin da suke raɗawa, tunda su ba su da ƙarfin halin faɗa da ƙarfi. Wai Kawu ya ba inji hannun ƙanena don arziki ya zauna masa. Wai duk dokokin da ya kafa wa ma'aikatansa daga baya sharaɗin boka ne. Abin da nake tsoro ke nan: a wayi gari jikokinsa su tashi, wannan ne kaɗai labarin da za su tarar.

Abin dariya, abin haushi, a duk ƙasar nan ba mai zargi kamar Kawu. Kalmarsa ɗaya ce: "Wa ya gani?" Ka ce masa an yi ruwa a Matazu, ya ce wa ya gani? Ka ce masa sabon irin masara ya fito mai kai biyu, ya ce wa ya gani, kuma me mai kawo shi zai ci? Duk irin da malaman gona suka kawo, ba ya ƙi, ba ya kuma karɓa. Kunya ɗaya yake ware masa can gefen gona kusa da kuka, ya shuka, ya sa masa ido damina guda. In ya yi, baɗi ya shiga gona. In bai yi ba, ya tara zangarniyar ya ajiye a zaure, duk ranar da malamin gonar ya biyo sai ya nuna masa, bayan ya ba shi fura. Takin zamani sai ya jiƙa tafi guda a kwano ya ga ko yashi zai kwanta. Mijina ma bai tsira ba. Lokacin da yake nemana, Kawu ya hau babur ya tafi har unguwarsu a Malumfashi, ya zauna wurin mai shayi yana jan mutane da hira kamar baƙon da ya ɓata hanya. Da ya dawo ya ce da Inna, mahaifiyata, "Yaron ba laifi. Amma dariyarsa ta yi yawa, za mu sa ido." Har ya koma ga Allah yana sa idon.

To mutumin da bai yarda da buhun taki ba, shi ne zai yarda da boka? Haba jama'a!

Abin ya faru wata kaka, shekarun baya kaɗan. Ƙanena ne ke bakin inji, wato shi ke tura karan waken suya cikin maƙogwaronsa. Magidanci ne lokacin, da matarsa da goyo. Bayan azahar, rana ta take, ana sauri a gama a wuce gonar gaba. Inji ya kama hannun riga, ya ja. Kafin a kashe shi hannun dama ya tafi har wuyan hannu. Kawu da kansa ya ɗaure dungun da rawaninsa, ya riƙe shi a bayan mota har asibiti a Funtua. Da suka dawo ya ja inji cikin kango ya rufe da tamfol, bai sake tayar da shi ba a wannan kakar. Masu gonaki suka yi ta sintiri, ya ce su nemi wani.

Ni malamar makaranta ce, ina koyar da 'yan mata a Malumfashi. A ranin da ya biyo baya aka tura mu bita Kaduna, wai yadda za a yi amfani da ilimin ƙwaƙwalwa a ƙara natsuwa da ƙwazo a wurin aiki. Wani ɗan gaye da kwat ya haska mana hoton ƙwaƙwalwa a bango, ya yi ta zuba. Ni ma jinin Kawu ce, na zauna ina jiran in ga me zai sayar, ai kuwa a ƙarshe ya fito da wani abu da ake saukewa a waya. Amma cikin zubar tasa akwai maganganun da suka tsaya mini. Da na je gida hutu na tarar da Kawu a zaure ya rame, na rasa abin da zan ce masa, sai na kama ba shi labarin bita don dai a yi hira.

Na ce, "Kawu, wai hankali ma gajiya yake kamar ƙafa. In mutum ya daɗe yana abu ɗaya, ido na kallo amma mai idon ya tafi wani wuri. Wai ƙwaƙwalwa ba ta aiki biyu lokaci guda, tsalle take tsakaninsu, a wurin tsallen ake yin ɓarna. Wanda bai yi barci ba kuma, ko ya rantse garau yake, ba garau yake ba."

Ya ce, "Wa ya gani?"

Na ce, "Masana, Kawu. Akwai na'urar da ke nuna cikin kai."

"Ke kin leƙa?"

"A'a."

"To. Shi mai kwat ɗin, ya taɓa tsayawa bakin inji?"

Na ce ban tambaye shi ba. Ya yi tsaki. Can kuma, ban yi zato ba, ya ce, "Sake faɗa mini wannan na mai ido ya tafi wani wuri." Na sake. Ya ce, "Ƙwayar da yaran nan ke sha don ƙarfin aiki fa, me ya ce a kanta?" Na ce bai yi maganarta ba, amma a sanina gajiyar ba ta tafiya, rufe ta kawai ake yi. Ban kawo komai a raina ba a lokacin.

Abin da ya biyo baya Hajiya ce ta ba ni labari, tana yi tana dariya tana share hawaye. Kawu ya ware wa ilimin ƙwaƙwalwa kunyarsa guda, kamar sabon iri, kuma kansa ne gonar. Sai ya sa a zubo masa wake a faifai, ya zauna yana tsince mai ƙwari. In ya gama ya tura wa Hajiya ta bi bayansa, ta ware abin da ya tsallake. Ya yi da hantsi. Ya yi bayan azahar da cikinsa cike da tuwo. Ya yi da rediyo a kunne ana labarin siyasa. Ya yi bayan ya ɗan kishingiɗa. Hajiya ta ce ranar rediyo, da ta tura masa tulin ruɓaɓɓen waken da ya wuce shi, sai ya ce ita ta ƙara daga ɗaki. Ta ce, "Alhaji, ni da girmana?" Ya sa aka sake, a gabansa, ya kuma sha kunya. Ya yi wata da watanni yana wannan abu. Na kawo masa batun rufe ido a ja numfashi ana sauraron kiɗa mai sanyi, wanda mai kwat ya koya mana. Ya ce wannan a bar wa mutanen ofis, shi yana da salla.

Da kaka ta zagayo ya yaye tamfol, ya tara ma'aikata ya kafa doka. Ba mai tsayawa bakin inji ya wuce cikar 'yan buhuna, sai ya koma ɗinki wani ya karɓa. Ba waya, ba abin toshe kunne. Kowa sai ya zo gabansa da safe ya kalli ƙwayar idonsa, wanda bai yarda da idonsa ba ya koma gida. In aka kira azahar a kashe inji, a yi salla, a ci abinci, kowa ya miƙe a inuwa, ko barci bai zo ba a rufe ido. Sannan ya yago jan ƙyalle daga tsohon zanen Hajiya ya ɗaura a bakin inji, daidai inda hannu bai kamata ya wuce ba. Ya gwada fari, ya gwada baƙi, ya ce ja ne ke fizgo ido ko mutum ya fara lula.

To ku da kuka san mutanenmu, ku haɗa da kanku. Inji ya sha jini. Mai shi ya rufe shi shekara. An gan shi a zaure shi kaɗai yana tsintar wake yana motsa baki. Yanzu ga jan ƙyalle, ga lokacin da ba a yarda inji ya yi kuka ba, ga duba idon mutane da sassafe. Aikinsa kuma ya yi kyau, ba a sake ko ƙwarzane ba, wake na fita tas, masu gonaki na layi. Me ya rage? Ai magana ta gama haɗuwa tun kafin a kai amfanin gona gida.

Abin da ya ƙarasa ta kuwa alheri ne, shi ya fi ƙona mini rai. Ƙanena ya daina cin abinci cikin mutane, saboda kunyar sa hagu a kwano. Sai ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Kawu ya tambaye ni ko gaskiya ne ƙwaƙwalwar babba tana iya koyon sabuwar hanya. Na ce haka suka ce. Bai ce wa ya gani ba. Sai ya cusa hannun damansa cikin aljihu, ya yi kwana da kwanaki yana fama da hagu, yana zubar da miya a riga, yana koyon ɗaure igiya da haƙori da hannu ɗaya. Da ya iya, ya sa aka kai kwano zaure, ya kira ƙanena, ya ce, "Zauna. Ni ma yau da wannan zan ci. In dattijo ya iya, kai me zai hana ka?" Liman ya sani, don Kawu ya je ya tambaye shi hukunci tukuna. Amma masu wucewa ba liman suka tambaya ba. Sun ga Alhaji na cin tuwo da hagu, shi ke nan, sharaɗi ya cika.

Har Inna. Wannan ne ban so rubutawa ba, amma rigima ce da aka yi a gabana. Mata suka yi ta kai mata magana har ta shige ta. Ta zo gidan da mayafi a hannu, ta tsaya tsakar gida ta ce, "Yaya, ka dubi girman Allah ka faɗa mini me ka yi da hannun ɗana." Kawu na alwala. Ya ƙarasa wanke ƙafarsa, ya ajiye buta, ya ce, "A asibiti suka ba ni abin da ya rage a ƙunshe, na binne shi a maƙabarta kusa da ubansa. Wani abu kuma?" Ta ce jan ƙyallen fa? Ya ce, "Zanen Hajiya ne." Daga ranar Inna ba ta ƙara cin abincin gidansa ba. Ana gaisawa, ana zumuncin biki da suna, amma in an kawo kwano sai ta ce tana azumi. Ƙanena kuma ya kwashe iyalinsa ya koma Funtua, ya buɗe ɗan shagon iri da maganin feshi, zuwa ƙauye sai da dalili. Mutane suka ce, kun gani, ya gane.

Na sami Kawu na yi masa faɗa, irin wanda 'ya ba ta yi wa kawunta. Na ce ya tara mutane bayan Juma'a ya yi musu bayani, ni zan tsaya in faɗi abin da aka koya mana. Ya ce, "Malama, in na ce gajiya da rashin barci da ƙwaya ke cin hannu, tambayar da za su yi ta gaba mece ce?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ni na sani. Bar su." Na fita ina huci, na ɗauka taurin kai ne irin nasa.

Yanzu ga shi ya tafi da abinsa. Ƙanena ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, bai yi kuka ba. Idon kowa na kan dungunsa. Ni kaina, 'yar'uwarsa, ban san me ke cikinsa ba, kuma ina tsoron tambaya.

Kaka ba ta jiran makoki. Bayan addu'ar bakwai babban ɗan Kawu, taubashina, ya ce gobe inji zai fita. Mutumin kirki ne, amma maganar ta ci shi. Ya same ni a zaure ya ce, "Malama, na yanke shawara. Zan cire ƙyallen nan a gaban kowa, in bar inji ya yi ta kuka har la'asar. In suka ga ba abin da ya faru, bakinsu ya mutu, sunan Baba ya wanku."

Na ce, "Kai dai tun muna yara kanka kamar tulu, sai an jijjiga. In ka cire, ai ka gaya musu da ma sharaɗi ne, mai shi ya mutu ya warware. In kuma wani ya bar hannunsa ciki fa, me za su ce? Inji ya nemi sabon jini!"

Ya ce, "To ke kawo dabara, tunda ke ce mai ƙwaƙwalwa." Muka rabu kowa na cika.

Washegari a gonar da ke bayan gari aka kafa inji, gonar Kawu ta kansa. Ban taɓa ganin 'yan kallo a wurin casa kamar ranar ba. Wasu sun fake da neman ƙaiƙayi, wasu ko fakewar ba su yi ba. Mu mata muna can gindin ɗorawa, har Inna, wadda ta ce rakiyata ta yi. Taubashina ya sa wuƙa ya yanke ƙyallen, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya yar. Aka tayar da inji. Rana ta yi ta hawa. Aka kira azahar daga cikin gari, inji na ta ruri, mutumin da ke bakinsa tun hantsi shi ne dai, ina hango yadda kansa ke ɗan rinjaya.

Sai ga ƙanena ya ratso ta cikin kara. Ban ma san bai koma Funtua ba. Bai yi wa kowa sallama ba, ya wuce kai tsaye ya sa hagu ya kashe inji.

Ya ce, "Ku matso, ku da kuka zo kallo." "Ranar da abin nan ya same ni, kwanana biyu ina casa da rana, da dare ina kai kaya kasuwa da babur, ban runtsa ba. Ƙwaya na sha, ba ɗaya ba. Waƙa ce a kunnena. Ina kallon hannuna yana shiga, wallahi kamar hannun wani. A mota na faɗa wa Kawu, ya ce in rufe bakina, ina da mata da ɗa da surukai, ba za a kira ni ɗan ƙwaya a garin nan yana raye ba. Na bari kuka ci namansa shekara da shekaru, na gudu Funtua don ba na iya kallon idonsa. To yau ba ya raye. Ga ni, ku kira ni."

Ba wanda ya kira shi komai. Ya duƙa ya tsinci ƙyallen cikin ƙaiƙayi, ya karkaɗe a gwiwarsa. Wuƙa ta rage masa tsawo, da ƙyar ya zagaya ƙarfen. Taubashina ya miƙa hannu zai taya shi, ya girgiza kai. Ya kama baki ɗaya da haƙori, ya ja ɗayan da hagu, ya ƙulle tam, irin ƙullin da aka koya masa a zaure. Sannan ya dubi ma'aikata ya ce, "Salla, abinci, inuwa." Suka watse kamar Kawu ne ya faɗa.

Ban ce duk bakin garin ya mutu ba. Tsohuwar nan mai jan addu'a na ji ta a hanya tana cewa ai ko ƙwayar ma wani ne ya sa masa hannu. Irinsu sai Allah.

Muka isa gida tare da Inna. Ta wuce ɗakin Hajiya, inda take zaman takaba, ta zauna a bakin ƙofa. Can ta ce, "Hajiya, akwai sauran tuwo?" Hajiya ta ce na jiya ne, ya yi sanyi, bari a ɗumama. Inna ta ce a'a, a ba ta haka nan. Daga masarar Kawu aka tuƙa shi, ta bara, wadda ya casa da kansa. Ta ci tana kuka, ta cinye tas, ta suɗe kwanon.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka huta hutun da ka yi ta roƙar wa 'ya'yan mutane. Ya haskaka kabarinka, ya yafe maka, ya yafe mana abin da muka bari aka faɗa a kanka. In kuma wani ya tambayi jikokinka wa ya gani, su ce ni na gani.